Ɗakin da Baƙi Ke Rububi

Yesenia ta rasa yadda za ta yi da mahaifiyarta. Tun da suka sauka a masaukin baƙi na gonar kofin nan ta kan dutse, tsohuwar ta ƙi zama. Ta leƙa taga, ta shafa bango, ta koma bakin ƙofa.

"Haba Mama! Da ƙyar na samo mana ɗakin nan, Turawa rububinsa suke yi. Ki kwanta mana!"

"Ke ki kwanta."

"Sanyi ne?"

Doña Herminia ta nuna wani zoben ƙarfe a bango, inda aka rataye tawul mai ƙamshi.

"Nan ake ɗaure alfadarin mai gona. Ni ke kwashe kashinsa, ina ɗauke da tsohon cikinki."