Kwana Ashirin da Ɗaya

A raka'ar farko ta Magariba, karatun Fatiha ya kuɓuce wa Baba. 'Yarsa tana tsakar gida ta ji lasifikar masallaci ta yi shiru, har sai da wani daga sahu ya ɗora masa. Mutumin da ya shekara talatin yana limanci!

"Tsufa ne," in ji Inna.

"Wane irin tsufa, Inna? Ko sittin fa bai cika ba!"

Ita ta san wannan shirun, don aikinta ke nan a jami'a. Kullum takan cusa ɓera cikin matsattsen bututu na awa shida, har tsoro ya cika jininsa da sinadarin damuwa. Sinadarin nan kan rage furotin ɗin da ƙwaƙwalwa ke ƙerawa don riƙe abin da ta koya. Daga baya sai ɓeran ya ɓata a hanyar da ya haddace.

Shekara bakwai ke nan masu yankan filaye suna kafa turakun siminti na iyaka a gonar Baba. Ya tumɓuke, su mayar. Kowace safiya sai ya zagaya ya ga taku nawa aka ci, ya dawo ya ture kwanon koko.

Da aka idar da sallar, ya shigo gida kansa a sunkuye, ya wuce ɗaki ba sallama.

Sai ta tuno amsar kwamitin jami'a ranar da ta nemi a ƙara mata mako guda a gwajin ɓerayen: kada ta kuskura ta wuce kwana ashirin da ɗaya, domin fiye da haka zalunci ne ga dabba.