Sunayen Masu Taki

"Inna, kin kashe ni! Wa ya ce ki cusa katin waƙoƙinki cikin ordinatata?"

"Wayata ce ba caji. Waƙa ɗaya na ji, ita ce kisan?"

Ɗana ya dafe kai a gaban kwamfutar tasa. Wai katin da aka cika mini a kasuwar Dungas ya kwaso cutar na'ura, birus suke ce mata, ta lashe sunayen manoma arba'in da za a raba wa takin zamani gobe a Dogo-Dogo. Shi ne sakataren ƙungiya. In ba sunaye, kujerarsa ta tafi.

Na ce, "Wannan cuta ba ta kama kan tsohuwa. Ɗauko biro."

Ai a zaurena suka zo aka rubuta su, ina ɓarar gyaɗa, kunnena a buɗe. Na fara jero masa: mai amalanken da ya sayar da jakin surukinsa, buhu ɗaya. Ladanin da ke rina gemu, buhu ɗaya. Yana ta rubutu, har matarsa ta kawo ruwa ta tsaya tana dariya.

"Talatin da tara! Allah ya ja kwana, Inna. Saura ɗaya."

"Bazawarar bakin rijiya," na ce. "Ba ta da gona ko ta shanya barkono, amma ran nan kai da kanka ka sa mata buhu biyu."

Dariyar matarsa ta ɗauke. Ya miƙe, ya manta takalminsa, ya fita ya buga ƙofa.