Mai Kaɗa wa Jirgi Molo

Kai da kake cewa kunyar idon mutane ce ta sa ka amsa abin da zuciyarka ta ƙi, gyara zama ka ji wannan.

A wata ƙasa, zamanin da jirgin sama yake rarrafe, an yi wata mata da ta koyi tuƙinsa. Jirgin lokacin ba irin na alhazai ba ne da ake kawo maka shinkafa kana kishingiɗe. Katako ne aka lulluɓe da yadi, aka ɗaɗɗaure fukafukan da wayoyi, aka maƙala masa inji a hanci. In ka gan shi a ajiye sai ka rantse akurkin kaji ne ya yi girman kai. Mai hawansa kuwa sai ya nemi gafarar mutanen gidansu kafin ya fito. A cikin masu hawan nan ita kaɗai ce mace, kuma ta sha wanke inji da turin jirgin wasu kafin a bar ta ta zauna a kujerar. Akwai abin da malaminta ya koya mata, ta riƙe shi gam: ba ta tashi sai ta zaga jirgin ta fizgi kowace waya da yatsa, ta kara kunne. Wayar da ta ɗauru daidai takan amsa da siririyar murya, tas. Abokan aikinta suka samu abin tsokana, da ta doso sai su ce a ba mai molo fili, jirginta ba ya tashi sai an yi masa kiɗa. Ita dai murmushi take yi, ta ci gaba da kiɗanta.

Da damina ta ɗauke, mai jirgin da take tuƙawa ya sa aka yi shela cewa matar nan za ta tsallake babban kogi ta sauka a garin da ke ƙetare, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba. Gari ya fito. Manya a rumfa, makaɗa a rana, tsofaffin mata da suka tako daga ƙauye sun tanadi guɗa a maƙogwaro. Ta sa hular tuƙi, ta shiga zagayenta. Da ta zo fiffiken hagu, waya ɗaya ta amsa mata da muryar mai mura. Aka ƙara ɗaure ta, ta sake fizga, muryar ba ta washe ba. Nan ta gane ba wayar ke da laifi ba, katakon da ke riƙe da ita ne ya sha danshin damina a ƙarƙashin yadi, kuma ba a ganinsa sai an farke fiffiken, aikin da ba na yini ɗaya ba. Mai jirgi ya zo yana gumi, ya ce manya ba sa zuwa sau biyu, in ta ƙi hawa yau ta rufe wa kanta ƙofa, ta rufe wa duk macen da ke bayanta. Ta san ba ƙarya ya yi ba. Ta dubi tsofaffin nan da ƙurar hanya a ƙafafunsu. Sannan ta cire hular ta ajiye a kan fiffiken, ta ce ba za ta hau ba.

Fili ya kaure. Masu cewa dama mun faɗa suna yi, masu dariya suna yi. Makaɗa kuwa, da yake ba sa taɓa yin asara, nan take suka juye kirarin da suka shirya mata ya koma zambo. Sai wani abokin aikinta ya ɗauki hular, mutum mai fara'a, wanda ya fi kowa tsokanarta, kuma da shi suke cin abinci a kwano ɗaya. Ta kama hannun rigarsa, ta ja shi gindin wayar, ta fizga masa. Ya kara kunne. Ya ce, "Yaya, na ji. Amma dubi mutanen nan." Ya hau. Guɗar da aka tanadar mata shi aka rangaɗa wa. Jirgi ya ɗaga gwanin sha'awa, har ya kai tsakiyar kogi. Da ya karkata zai bi iska, fiffiken hagu ya naɗe kamar tabarma. Kiɗa ya tsaya. Masunta ne suka fito da gawarsa.

Ba wanda ya taɓa jin ta ce ai na faɗa. Ita ta kai wa mahaifiyarsa takalmansa, ta zauna aka yi zaman makoki da ita. Da aka kwana biyu aka sake ba ta jirgi, ba kiɗa ba rumfa, ta yi ta tsallake kogin nan da magani da saƙon mutane har furfura ta fito mata. Ba a sa sunanta a waƙa ba. Duk wanda ya zo koyon tuƙi wurinta, mace ko namiji, yatsansa take fara ɗorawa a kan waya. In kuma ta kai tsakiyar kogin, bakinta yakan motsa da addu'a.

Ka ga, su biyun nan duk sun ji muryar wayar, kuma duk sun ga mutane. Ita ta haɗiye kunyar yini ɗaya, shi ya kasa. Shi ya sa Hausawa suka ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.