Keken da Dogo Ya Zaɓa

Keke na shida ke nan Dogo ya tura gefe. Mai shagon ya fara ƙosawa, ga ruwan sama yana dukan kwanon rufi kamar da gayya.

Dogo ba shi da lokacin jin kunya. A ofishin da yake amsa wayar masu ƙorafi an ba shi gargaɗi na ƙarshe: ya sake makara, a ba wani kujerarsa. Da damina motar haya ba ta shiga unguwarsu, titin kan zama tafki, mai babur kuwa sai ya ninka kuɗi. Aikin nan shi ne cinsu, shi ne hayar ɗakinsu, kuma Dogo ya san wuyar da ya sha kafin wani ya yarda ya ɗauke shi.

Ya durƙusa gaban na bakwai, wani tsoho na hannu. Ya bi tayar da yatsa, ya ji zanenta bai cinye ba. Ya juya feda ya kasa kunne: kaca na tafiya lafiya, kuma a rufe take, taɓo ba zai same ta ba. Ya matse burki, ya saki, ya sake matsewa.

"Wannan in ya jiƙe yana kamawa?"

"Malam, kai makanike ne ko mai saye?" in ji mai shagon. "Ga sababbi can masu sheƙi."

"Sheƙi ba ya gabana. Kariyar bayan nan za ta ɗauki buhun hatsi?"

"Har da mai hatsin."

Dogo ya danna ta da duk ƙarfinsa. Ba ta motsa ba. Da aka faɗi kuɗin sai ya tarar abin da ke aljihunsa bai kai ba. Ya roƙa, ya rantse, ya ce a cire fitila da kwandon gaba a rage masa. Ƙararrawa kaɗai ya hana a taɓa. Daga ƙarshe mai shagon ya ce Allah ya sa albarka.

"Saura abu ɗaya. Sauke mini sirdin nan ƙasa."

"Da tsawon nan naka? Gwiwarka za ta riƙa gaisawa da haɓarka!"

"Sauke dai."

A bakin ƙofa matarsa tana jira, ruwa na ɗiga daga mayafinta. Ta karɓi keken.

"Maigida, rabona da hawa tun ina yarinya fa."

"Ƙafa ba ta mantuwa. Litinin ƙarfe bakwai za mu gwada."

Ta hau, ta kafa ƙafa ɗaya a ƙasa. Dogo ya laluba kariyar ya zauna, ya naɗe farar sandarsa ta makafi ya ɗora a cinya, ya ce, "In kin ga rami ki faɗa mini, in riƙe da kyau."