Amsar Malam Dabo

Abin da Malam Dabo ya fara gani a jikin baƙon shi ne jar ƙasa. Ta kama wandonsa har gwiwa, ta shige ƙarƙashin farcensa. Ƙasar gonakin nan kuwa fara ce, sai an yi haƙa mai zurfi ake tarar da ja.

Malam na gindin darbejiyar ƙofar gidansa bayan la'asar, yana ɓarar gyaɗa shi kaɗai yana mita, don ɗansa Al-Amin tun jiya ya kai buhu biyu Ɗanbatta a babur ya bar masa aikin. Ya amsa sallama, ya tura tabarma. Baƙon dattijo ne, ya ce sunansa Abdulmumini, daga wani ƙauye ta bayan Makoda. Aka kawo ruwa bai sha ba. Hannunsa na dama a dunƙule yake, ko da suka gaisa bai buɗe shi ba.

"Fatawa ta kawo ni, Malam," in ji shi, muryarsa a dishe. "Na yi alkawari tsakanina da Allah, abin da ka ce shi zan bi. Ran mutum na kan amsarka."

Sai ya zayyana. Jiya da hantsi wani mutum ya yanke hanya ta cikin gonar wake, ya tattake kunya biyu. Mai gonar, ƙaton saurayi, ya fizgo shi, ya kayar, ya hau ruwan cikinsa, ya shaƙe shi. Ba wuƙa a hannunsa, ba sanda. Na ƙasan ya lalubo dutse ya buga masa sau ɗaya a kai. Kafin azahar rai ya yi halinsa.

Malam ya ajiye ƙwaryar gyaɗa. Shekara talatin yana amsa tambayoyin mutane, ya san "wani mutum" ɗin nan sarai: sau tari shi ne zaune a gabanka. Ya dubi jajayen idanun baƙon. Ya dubi rawanin da ya naɗe wuyansa da shi a wannan zafin. Ga dishewar murya, ga jar ƙasa. Wanda aka shaƙe jiya haka zai yi magana, wanda ya turbuɗe gawa a ɓoye haka wandonsa zai kasance. Tsoro ya kama Malam, haushi ya biyo baya. Wato shi aka raina, shi za a mayar sabulun wanke jini.

Ba wai bai san amsar ba. Ya karanta ta, ya karantar da ita. Idan mutum ya tabbatar ransa ake nema, ba hanyar gudu, ba abin da zai tsayar da maharin sai wannan bugun, to ba laifi a kansa, ko da makami ko babu. Amma ya ƙudura a ransa ba zai miƙa wa mai kisa wannan ƙofar ya fice ba.

"Me ya hana shi gudu?" ya tambaya.

"Ƙato na zaune a kansa, Malam."

"Ihu fa? Gonakinmu a manne suke, ko tari ka yi maƙwabci ya ji."

"Wanda aka riƙe wa maƙogwaro ba ya ihu. Kuma mamacin, Allah ya jiƙansa, zuciya gare shi. Bara ya karya wa wani hannu a kan akuya."

Ka ji, in ji Malam a ransa. Har an fara ɓata mamaci. Duk ramin da ya haƙa, mutumin nan ya riga ya tanadi abin cike shi, kamar wanda ya kwana yana bitar amsoshi. Mai gaskiya ba ya zuwa da hujja a shirye haka.

Baƙon ya matso. "Shatin yatsu na nan a wuya, Malam, kowa zai iya gani. Numfashi ya ɗauke, ido ya fara rufewa. Ashe hannu ba ya zama makami? Ka duba littafinka da kyau, ko akwai wata 'yar hanya. Ni hanyar nake nema."

Wannan roƙon ne ya ƙarasa tabbatar wa Malam zarginsa. Ya gyara zama, ya murtuke fuska, ya yi magana da muryar da yake huɗuba da ita.

"Babu hanya. Wanda ya zo maka hannu biyu, da hannu ake tare shi. Wanda ya ɗauki dutse ya nufi kai, kisa ya nufa. Jinin nan na wuyansa, kuma in dangin mamaci suka nemi a kashe shi, haƙƙinsu ne. Ni da zan ba su shawara, cewa zan yi kada su yafe, don na baya su ji tsoro."

Baƙon ya sunkuyar da kai. Malam ya ji daɗi a ransa, ya ga ya toshe wa mugu hanya.

Can dattijon ya miƙe da ƙyar, ya kaɗe wandonsa, ƙasar ba ta fita ba. "To, shi ke nan. Na so ƙwarai a ce akwai. Gobe hukuma za ta tambaye ni ko na yafe, kuma na yi alkawari."

Ya buɗe hannunsa a kan tabarma. Makullin babur ɗin Al-Amin ne, ɗaure da koren zaren da Malam ya kitsa masa da kansa.

"Ɗana na binne yau da safe, Malam. Wanda ya buga dutsen na ɗakina a kulle, na hana samari taɓa shi. Shi ya ce in zo wurinka, wai babansa ba ya karkata gaskiya don kowa."