Rijiyoyin da Ba Sa Ƙafewa

Zubair ya jawo hoton rijiyar a fuskar kwamfuta, ya datse gefen ƙasa, ya ja da baya ya duba. Ya yi kyau: guga cike da ruwa, mata suna dariya, shanu na jiran layi. Ya ɗauko na gaba, shi ma ya datse masa ƙasa.

Tun da ya gama karatun kwamfuta yake zaman kashe wando a Kazaure. Wannan shafin intanet shi ne aikin farko da ya taɓa shigowa hannunsa, kuma ya ɗaura niyyar yin sa yadda duk wanda ya buɗe sai ya kira.

A gida kuwa abu ya kai maƙura. Mahaifinsa, Malam Kaumi, mahaƙin rijiya ne, daga Roni har Babura da wuya ka sami ƙauyen da bai sha ruwan hannunsa ba. Amma zamani ya juya. Masu sa a haƙa rijiya yanzu mutanen Kano da Abuja ne, masu son yi wa iyayensu da suka rasu sadaka, kuma a waya suke neman ma'aikaci. Halliru, wanda Malam Kaumi ya koya wa riƙe diga, ya buɗe kamfani, ya sayi mota mai rubutu a jiki, ya kwashe aikin kakaf. Rijiyoyinsa bazara na shigowa suke ƙafewa, sai dai mai kuɗin Abuja ba ya zuwa ƙauye da bazara.

Igiyar tsohon tana rataye a zaure, gara ta fara cin ƙotar digarsa. Abin da ya rage masa a duniya sunansa ne kawai, da fatan wata rana wani zai tuna da shi ya kira.

Ranar da Zubair ya ce yana son hotunan rijiyoyi domin shafin intanet, bai ƙara ko kalma ɗaya ba, tsohon kuma bai tambaya ba. Sai ya shiga ɗaki ya fito da rigarsa ta Juma'a, ya hau bayan babur.

Sun zaga ƙauyukan Gwiwa da na Roni a tsakiyar zafi, lokacin da rijiyar ƙarya ke tona asirin mai ita. Duk wadda suka leƙa, ruwa na ƙyalli a ƙasa. A kowace, sai Malam Kaumi ya durƙusa da ƙyar, ya sa hannun rigarsa ya goge wani wuri a bakin simintin, sannan ya koma gefe.

"To, ɗauka yanzu, Zubairu. A ga komai da kyau."

Zubair ya riƙa ɗauka, bai yarda sun haɗa ido ba.

A wani ƙauye kusa da Babura wata tsohuwa ta tsaya gaban waya ta yi magana mai tsawo. Ta ce da ruwan rijiyar nan aka yi wa 'yarta wankan jego, da shi aka yi wa jikanyarta, kuma ba ta taɓa ƙafewa ba. Ta rufe da yi wa Malam Kaumi addu'a. Da ya zo tacewa, Zubair ya yanke addu'ar. Kowa ya san mutanen birni ba su da haƙurin dogon bidiyo.

Sauran aikin ya yi shi da dukkan abin da ya iya. Ya zaɓi shuɗi mai kwantar da hankali. Ya rage nauyin hotuna don kada su cinye wa mutum data. Ya rubuta a sama da manyan haruffa: Rijiyoyin da ba sa ƙafewa. Ya sa koren maɓallin kira daidai inda babban yatsa ke sauka, ya duba lambar sau biyu don kada ya yi kuskure, tun da bai haddace ta ba. Shafin na ƙara kyau, zuciyarsa na ƙara nauyi.

A makon ne buhun gero ya shigo gidan. Mahaifiyarsa, Ya Kura, ta dubi buhun, ta dubi ɗanta, ta ɗauko kwano ta ɗebi na tuwon dare.

Ranar da shafin ya hau, Malam Kaumi ya kai 'yar wayarsa caji tun da safe. Ya sauko da igiya ya kakkaɓe, ya sa aka yi wa diga sabuwar ƙota. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ajiye wayar a kan gwiwa.

"An fara gani kuwa?" ya tambaya da la'asar.

"An fara, Baba. Har an fara kira."

"Alhamdulillahi. Wataƙila layina ne ba shi da kyau. Allah ya yi maka albarka."

Zubair ya miƙe. Ya shige ɗaki ya buɗe kwamfuta don ya goge guntayen da ya datse. Ga su nan jere, siraran hotunan siminti, kowanne ɗauke da abin da tsohon kan rubuta da yatsa kafin simintin ya bushe: Kaumi, da shekarar da ya haƙa. Ya goge su ɗaya bayan ɗaya, yana jin tsohon a zaure yana gwada wayar ko ta mutu ne.

Wayar lafiyarta ƙalau. Sunan da ke saman shafin da lambar da ke ƙarƙashin koren maɓallin, duk na Halliru ne.