Tayar da Baba ya cika da karan shinkafa

Ina shekara tara Baba ya ɗauko ni bisa kariyar tsohon kekenshi mai siririyar taya, daga Gulma zuwa tashar Argungu. Za a sa ni mota in tafi Birnin Kebbi wurin kawuna in yi makaranta. Ni ko ba ni son zuwa.

Tsakiyar fadama tayar baya ta fashe. Irin mai arahar nan ce, ƙaya ɗaya ta ishe ta. Ba mai faci, ba kowa. Wallahi daɗi ya kama ni, na ce shi ke nan, mota ta tafi ta bar mu.

Baba ya dubi rana, ya dube ni.

“Murna kake, ɗan nema? Ɗebo mini karan shinkafa.”

Ya zare tif ɗin cikin tayar, ya dinga cusa kara da babban yatsa har taya ta cika tam. Warin roba mai zafi da ɗanyen kara, har yau yana hancina. Munka hau, keke na tsalle, munka iske mota saura mutum guda.

Da na shiga, ta taga na hango Baba yana tura keken, kariya ba kowa.

Yanzu a Gwadangaji ni ka gyaran tsofaffin kekuna, da kaina na koya. Kowace taya mai araha na san halinta. Dabarar karan nan kuwa duk wanda na ba labari dariya yake. Wanda zai ce “haka anka yi” ya rasu.